Mai Tsaron Firji

Shekara ashirin da shida ina riƙe da makullin ɗakin sanyi
a bayan asibiti, nan Idi-Araba.
Ni ba likita ba ne. Sunana Ilu.
Aikina rubuta lamba a jikin kwalba
da hana jini yin ɗumi.

Farfesa Tasalla takan riga rana isowa,
takalmi a hannu in ruwa ya ci titi,
ta ce, "Ilu, nawa ma'auni ya nuna?"
kafin ta ce ina kwana.
Ban taɓa jin haushi ba. Gaisuwar ke nan.

Ita ta gaya mini akwai 'yan aike a cikin jini,
ba ƙafa, ba murya,
daga gindin ƙwaƙwalwa suke tasowa
su gangara su ƙwanƙwasa ƙofar haihuwa.
In ɗan aike ya makara, ko ya kawo saƙon da ba shi ba,
sai wata ya mutu, wani ya kama,
gida shiru.
Aikinta ta tare su a hanya ta ƙirga su.

Mata suka yi ta zuwa:
masu tumatir daga Mayil Sha Biyu,
masu kifi daga Makoko, da warin hayaƙi a zane,
wata ma'aikaciyar banki da ba ta taɓa cire tabarau ba.
Kowacce ta miƙa hannu, ta kau da kai daga allura.
Sai Farfesa ta ce, "Gobe ki zo da maigidan."
Nan ake yin ta!
Wani ta lallashe shi da Yarbanci,
wani ta tsare shi da ido har ya zauna.
"Kullum gona ake tuhuma," in ji ta,
"ba mai buɗe buhun iri."

Akwai daren da ba na son tunawa.
An ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi,
ni kuwa ina maƙale kan gada cikin danfo,
ruwa sama, ruwa ƙasa, mota ba ta motsi.
Kwalba dubu da ɗari huɗu, wahalar shekara uku,
da safe duk sun narke.
Na tsaya jiran takardar kora.
Ta buɗe firjin, ta daɗe, ta rufe.
Ta aika aka sayo ƙosai da burodin Agege,
muka ci a tsaye.
Sannan ta ce, "Ɗauko littafin adireshi.
Jininsu ne, sai mun ba su haƙuri."
Gida gida muka bi, lungu da kwata.
Fiye da rabi suka sake naɗe hannun riga.

Daga wannan jini na biyu ta rubuta takardar
da aka ce ana karantawa a garuruwan da ban san sunansu ba.
Can ƙasa, cikin ƙananan baƙaƙe, akwai godiya ga Ilu Ɗanladi.
Na sa 'yata ta karanta mini sau uku.

Ɗalibanta sun watsu.
Folake tana Ibadan, Nkiru tana Inugu,
yaron nan ɗan Gumel da ya fasa mana kwalba goma
yanzu shi ma farfesa ake ce masa.
An ce dukkansu in sun shiga ɗakin gwaji
ma'auni suke fara tambaya.

Jiya ta ajiye aiki. Jawabi ya yi jawabi.
Wani ya faɗi sau nawa masana suka ambaci sunanta,
aka tafa.
Ta karkato, ta raɗa mini, "Akwai mai a janareta?"

A takardar akwai jerin lambobi.
Masu karatu ba su san ta ɗari uku da sha bakwai ba.
Ni na san ta. Albasa take sayarwa.
Ba ta samu haihuwar ba,
amma duk shekara sai ta kawo kwando,
ta ajiye a bakin ɗakin sanyi,
ta tambayi lafiyar kwalbarta.